Zobe Na Uku a Motar Soja

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Yanzu ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma ranar da na tuƙo tsohuwar motar soja na tsayar da ita a ƙofar gidanmu a Illo, wannan kam ba za ta fita raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Shekarar da Turawa suka miƙa mana mulki ke nan, mu da maƙwabtanmu na Dahome, wadda yaran yanzu suka sani da Benin.

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri. Ina saurayi na gudu na bar zuga-zugi, na haye kogin Kwara na je na yi karen mota shekara uku a hanyar Jega, sai da mahaifinmu ya rasu na dawo na riƙe maƙera. Taurin kai da ma da shi na tafi, da shi na dawo, sai dai na ƙaro wani ciwo, wato son inji. A ɓangarenmu na kogi kuwa, a wancan zamanin sai ka yi wata uku ba ka ji kukan mota ba. Ina ƙera fartanya da lauje, amma hankalina yana kan fistin da kafireto.

To, akwai wata mota a bakin fadama, daidai kan iyaka, ba wanda ya san ko a ƙasarmu take ko a Dahome. Ta sojan Nasaran ƙetare ce, ta kafe a laka wata damina, injin ya tsaya, suka tafi suka bar ta. Gara ta cinye katakon bayanta tas, tayoyi sun ruɓe, rina sun yi gida a mazaunin direba. Ranar da na fara ɗaga murfin injin, wani ƙaton damo ya faɗo ta tsakanin ƙafafuna, saura kaɗan in yi abin kunya. Amma da na goge tsatsa na zura hannu, na ji ƙarfen da ransa. Na je wajen mai gari, ya ce in kwashe ta, da ma maciji take tara musu.

Taubashina, ɗan kawuna, mai sayar da busasshen kifi, shi ya fi kowa dariya. Ya ce, "Kai maƙeri, zafin wuta ya dafa maka ƙwaƙwalwa. In wagga ta yi tafiya da ƙafarta, na yarda ka ɗora mini akumari in yi maka jaki." Na ce masa ya fara koyon kuka tun yanzu. Na kira gayya, matata ta tuƙa tuwon shinkafa tukunya uku, makaɗa suka zo, ƙarti suka kama igiya. Kwana biyu muna mirgina ta a kan itacen giginya, har muka kai ta gindin wata tsamiya a bayan gari.

Ba don neman kuɗi na fara ba, Allah shi ne shaida, sha'awa ce kawai. Kullum in na sallami masu fartanya bayan la'asar, sai gindin tsamiya. Na wargaza injin ɗaya bayan ɗaya, na jera a kan tabarma, na wanke da kananzir. Abin da ya karye in ƙera, abin da ya fi ƙarfin maƙera in haye kogi in roƙo a wajen tsoffin iyayen gidana direbobi. Lagireto na liƙe da dalma, inda ya ƙi liƙuwa na zuba masa garin kuka ya toshe. Wani masassaƙin jirgi daga Kende ya fafe mini katakon maɗaci na baya. Fetur kuwa a garwa ake hayo mini da shi cikin kwalekwale, tare da buhunan gishiri.

Sai kuma na ɗora wa kaina wata doka: sai na mayar da ita yadda ta fito daga hannun maƙeranta na asali, ba ƙari ba ragi. Na kankare ƙarƙashin kujera na samo launinta na fari, kore mai duhu, na yi ta haɗa fenti har ya dace. Sitiyarinta yana hannun hagu, ba kamar motocinmu na wancan lokacin ba, aka ce in juya shi, na ce sam. A cikin bodin baya akwai wasu zobban ƙarfe masu kauri a jere, goma a kowane gefe, daidai ƙugun mutum in yana zaune. Goma sha uku na tarar, bakwai sun ɓace. Na ce na ɗaure kaya ne, na zauna na ƙera bakwai ɗin, na goge da magagari har taubashina ya kasa nuna sabo a cikin tsoffi. A duk aikin motar nan babu abin da na yi alfahari da shi kamarsu.

Ina cikin shekara ta biyu da aikin, abin ya tashi daga wasa. Inna, mahaifiyata, Badandiya ce, mutumiyar wani gari a ƙetaren iyaka, tafiyar yini guda a ƙasa. Tun ina goye suka gudo Illo ita da mahaifina da Kawu, ba su sake waiwaya ba, don a lokacin wanda ya gudu in ya koma kamu ne. Ta bar ƙanwarta a can. Sai ga fatake sun kawo saƙo: idon ƙanwar yana rufewa, ta ce tana roƙon Allah ta ga yayarta kafin duhu ya gama sauka. Nasara sun tafi, tsoro ya kau, amma gwiwoyin Inna sun riga sun mutu. Daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda, jaki kuwa ko a mafarki.

Na same ta tana kaɗi, na durƙusa na ce, "Inna, in Allah ya kai mu kaka, hanya ta bushe, da mota zan kai ki." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Da waccan gawar da nike jin labari?" Na ce da ita. Ta ce, "To, Allah shi nuna muna." Ba ta taɓa ganin motar ba, don ba ta fita, ni kuma na hana a kwatanta mata. So nake ta gani kwatsam, ta san ta haifi ɗa.

Wata ranar kasuwa Kawu ya zo daga Lafagu, inda yake noma, ya biyo ta gindin tsamiya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa baya, ya taɓa zobe ɗaya da kan sandarsa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ɗana, ka gaya wa uwarka irin motar da kake gyara?" Na ce, "Haba Kawu, mota ai mota ce." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To," ya juya. Da na buɗe baki na ce masa don me, da ya faɗa mini. Amma ni a lokacin gani nake duk tsohon da ya yi shiru a gaban inji tsoro ne ya kama shi.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Na san ina da wa, ɗan farin Inna. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kunya ce. Inna kuwa ta riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowace mace da na sani. Abin da na ji kawai daga bakin mahaifina shi ne ya tafi aikin Nasara bai dawo ba. Ita ban taɓa jin ta yi zancensa ba, ko sau ɗaya, har na ɗauka ta manta.

Injin ya tashi ana saura kwana kaɗan a fara yankan shinkafa. Taubashina ne ke murɗa hannun tayarwa, yana yi yana zagina, sai motar ta yi tari sau biyu, ta watso baƙin hayaƙi, ta kama ruri. Jakunan da ke ɗaure a kusa suka tsinke igiya. Na hau na sa giya, ta motsa, wallahi ta motsa! Na zagaya tsamiyar nan sau bakwai ina ihu kamar mahaukaci. Da na sauko na aika aka kawo akumari, taubashina ya durƙusa na ɗora masa, ya yi kukan jaki sau uku, gari ya yi ta dariya mako guda.

Ranar tafiya na wanke ta fes, na sa matashin audugar rimi a kujerar gaba saboda Inna. Da hantsi na shigo gari ina danna ƙaho, kaina ya kumbura, mutane na biye da ni. Na lura wasu tsoffin mata, cikin waɗanda suka gudo daga ƙetare, sun ja baya sun shige zaure, na ce a raina ƙauyanci ne. Na tsaya a ƙofar gida. Kawu yana nan, ya zo rakiya, yana tsaye a gefe. Matata ta fito da Inna, ta ci ado da baƙin zanenta na saƙi, ana biye da ita da tsaraba, shinkafa da kifi da goro.

Inna ta ga motar, ta tsaya cak. Na ruga na buɗe ƙofar gaba ina washe baki. Ko kallon matashin ba ta yi ba. Ta dogara sanda ta zagaya baya, ta ce a sauke mata murfin. Aka sauke. Ta daɗe tana duban ciki, sannan ta ce, "Wa ya sa waɗannan?" Ni kuma, don Allah ku ji wauta, sai na bugi ƙirji na ce, "Bakwai ni na ƙera su da hannuna, Inna. Nuna mini su in kin iya."

Sai ta juya harshe zuwa Dandanci, yaren garinsu, wanda ba ta yi mana sai abin ya kai mata wuya. Ta ce, "Ba na kaya ba ne. Na mutane ne. Igiya ɗaya ake zurawa ta cikinsu, a ɗaure kowa a ƙugu, don kada wani ya yi tsalle a hanya." Ta ɗaga sanda ta nuna. "Na uku daga baya, hannun hagu. Nan aka zaunar da wancan." Ba sai an gaya mini wane ne wancan ba.

Ta ci gaba, muryarta ko rawa ba ta yi. "Matan gari suna ta kururuwa, kowace tana kiran nata. Ni ina tsaye, kai kana bayana, uwar mijina tana gefena. Ya dube ni. Na kau da kai, yadda aka koya mini. Har motar ta tashi yana dubana, yana jiran in kira shi."

Na ce, "Inna, ita ce wannan ɗin?" Ta ce, "Ban sani ba. Ko ita, ko 'yar'uwarta. Mene ne bambancin?" Sannan ta dubi matata ta ce, "Mai da ni ciki, na fasa." Na tsaya ina kallo ana shiga da ita zaure, ana mayar da tsaraba. Shekara biyu ina goge abin da ya cinye mata ɗa, har da ƙaro masa abin da ya ɓace. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Ga ƙanwarta can tana jira, ido yana rufewa.

Amma ni ba a san ni da zama in yi tagumi ba. Zuciya ta ɗebe ni, na fizgo akwatin aiki daga ƙarƙashin kujera, na ɗauko masaba da kurfi, ƙarfen da muke datse ƙarfe da shi, na haye baya. Taubashina ya ce, "Kai, mi za ka yi?" Na ce, "Abin da hannuna ya ɗaura, hannuna zai kwance." Na fara da bakwai ɗin nan nawa. Sai kawai Kawu ya tuɓe rigarsa ya hau, ya karɓi awartaki ya riƙe mini kurfi. Ina duka, zobe yana faɗuwa, ina jefo shi ƙasa a gaban jama'a. Tsoffin sun fi taurin kai, ƙarfen Nasara ne, wani sai na yi masa duka talatin. Tafin hannuna ya fashe, ban tsaya ba, har rana ta take.

Na sare goma sha tara, da gangan na bar wancan a ƙarshe, don hannuna ya ƙi zuwa wajensa. Na ɗora kurfi ke nan sai na ji murya daga zaure: "Bar wannan." Ashe ba ta shiga ɗaki ba, tana zaune a zaure tana ƙirga duka. Ta fito, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a baya. Na ce ga kujera mai laushi a gaba. Ta ce, "Na ce a baya." Mu uku muka ɗaga ta. Ta zauna daidai wurin, ta kama zoben da hannunta na hagu, ta ce, "Tuƙa."

Na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A kan iyaka wani ɗan sanda baƙar fata, da sabuwar hula, ya hango launin motar ya ƙame ya sara mata, sannan ya ga tsohuwa da kwandon kifi a baya, ya fashe da dariya. Ya ce ina za mu, na ce gida za mu kai tsohuwa. Ya ɗaga sandar ya ce Allah ya kiyaye. Lagireto ya tafasa sau biyu, muka ba shi ruwan rafi. Duk lokacin da na waiwaya ta ɗan tagar baya, hannunta yana kan zoben.

Mun isa bayan la'asar. Da jin rurin injin, garin ya watse, na ga wani dattijo ya yar da fartanya ya faɗa cikin dawa. Taubashina ya miƙe a baya yana ihu da Dandanci, "Baƙi ne! Baƙi ne, ba kamu ba ne!" Muna kaiwa wani fili mai ƙatuwar kuka a tsakiya, Inna ta buga bodi da sanda, na taka birki na kashe inji. Ta ce, "A nan ta tsaya." Ba ta sauko ba. Ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta kira sunan wana.

Da ƙarfi ta kira, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in abinci ya sauka. Sau uku. Ranar na fara jin sunan nan a bakinta, ina da shekara ashirin da biyu. Kawu ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ba wanda ya amsa, da ma ba ta sa ran a amsa ba. Amma daga wani gida a bakin filin sai ga wata tsohuwa ta fito tana laluben danga, tana cewa, "Muryar wa nike ji? Muryar wa ce wannan?" Ƙanwar ce. Ba ta gane mota ba, ba ta gane fuska daga nesa ba, muryar ta gane, da sunan da rabonta da ji shekara ashirin. Muka sauko da Inna. Ƙanwar ta kama fuskarta ta kawo dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yaya, ashe haka kika tsufa?" Inna ta ce, "Ke da ba ki gani ma kin samu bakin magana." Suka rungume juna suna dariya suna hawaye. Da aka natsa Inna ta waiwayo ta ce mini, "Yanzu cire shi." Na sare shi a nan gindin kukar, ta ɗaure a bakin zanenta.

Kwana tara muka yi. Kafin damina ta zagayo idon ƙanwar ya rufe gaba ɗaya, amma ta riga ta ga abin da ta roƙa. Da muka dawo na kankare koren fentin nan da na sha wahalar haɗawa, na shafa mata shuɗi da rawaya, ta yi shekaru tana ɗaukar shinkafa da 'yan biki. Zoben kuwa, bayan rasuwar Inna aka same shi a cikin ƙwaryar kayanta, yana nan rataye a maƙerata har yau.

Da Allah ya ba ni ɗan fari, namiji, na sa masa sunan wana. Kuma da sunansa nake kiransa, a gida, a masallaci, a tsakiyar kasuwa. Mutane suka yi ta cewa maƙeri ba shi da kunya. Su yi ta faɗa, ban fasa ba, ga shi yau har ya yi furfura ina kiransa. Inna ta rayu shekara huɗu bayan haihuwarsa, ba ta taɓa tsawata mini ba. Duk lokacin da na kira shi, sai in ga ta ajiye mazari ta ɗaga kai.

Abin da motar nan ta koya mini ke nan. Na iya gyaran ƙarfe, har gobe ba na jin akwai wanda zai nuna mini, amma kafin ka goge tsatsar tsohon abu, ka tambayi tsofaffi aikin da ya yi. In ka ga babba ya yi shiru, kada ka ce ya manta, ka matsa kusa ka ce masa don me. Wanda kake so kuma, ka kira sunansa tun yana kusa da zai ji.